A Koya Mana Kimiyyar Lantarki da Hausa

'Yan'uwa ɗalibai, sau da yawa nakan ji ana cewa Hausa ta adabi ce, ba za ta iya ɗaukar kimiyya ba. Ni da na tsinci Hausa a Agege kafin in karance ta a jami'a, ban yarda da wannan magana ba. Ga misali ɗaya da zai nuna hujjata.

Duk bugawar da zuciyar ɗan Adam ta yi, takan fitar da 'yar wutar lantarki. A saman fata ƙarfinta kusan kashi ɗaya cikin dubu na volt ne. Willem Einthoven, mutumin ƙasar Holan, shi ya ƙera na'urar da ta auna ta sosai, har ya sami lambar Nobel a 1924. A yau ɗalibi na iya haɗa irin wannan a kan allon gwaji, wato allon roba mai ƙananan ramuka da ake soka waya ba tare da narka dalma ba. Abin da ake bukata shi ne ayisi irin AD620, da rezista, da kafasita, da maƙalai uku da za a manna a hannaye biyu da ƙafa. Ayisin na ɗaukar bambancin wutar hannayen biyu ya ninka shi ɗaruruwa, ya kuma watsar da gurnanin wutar gida, wadda a Nijeriya ke kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Sharaɗi babba shi ne a yi aiki da batir mai volt 9 kawai, kada a kuskura a haɗa jikin mutum da abin da ke jone da soket.

To, wane sashe na wannan bayani ne ya gagari Hausa?

Matsalar tana wajenmu. Muna da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin harshe da adabi tun 1990, amma ba mu ba sauran fannoni isasshiyar kulawa ba. Alhali kuwa wasu masu gyaran rediyo da wayar salula a Agege da Mile 2 da Hausa suke koyar da yaransu, kuma kayan aikin na nan jibge a kasuwar Alaba. A ganina, wurinsu ya kamata mu fara zuwa da littafi da biro, mu rubuta kalmomin da ke bakinsu, sannan mu ƙirƙiro waɗanda babu. Kalmar da aka ƙirƙira a ofis ba tare da an taɓa na'ura ba, a takarda take mutuwa.

Wani zai ce aikin injiniyoyi ne. Amma dattijon da aka kwantar a asibiti za a yi masa gwajin zuciya, ya ga wayoyi ya tsorata, bayani yake bukata da harshensa: na'urar saurare take yi, ba ta sa masa wuta.

Don haka ina kira ga ƙungiyarmu ta Hausa da ta haɗa kai da ɗaliban injiniya, a haɗa na'urar a gabanmu, mu kuma mu raɗa wa sassanta suna. Gani ya kori ji.