Kafin Mu Zuba Kuɗin Ƙungiya a Akwatin Ƙarfe

Ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo, amma kuɗinmu ake shirin kashewa, don haka a daure a karanta.

Ranar Asabar shugabannin ƙungiyarmu za su kawo mana buƙata a taro: a cire naira miliyan 1.8 daga asusu a sayo sabar kwamfuta ta hannu, a ɗora rumbun bayanan mambobi a kanta, kowa ya riƙa duba rajistarsa da shaidar biyan kuɗinsa ta intanet. Wai za a ajiye ta a wani shago nan Barade, tunda mai shagon yana da janareto. Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Na farko, kada a ce ban san ciwon ba. Ina cikin waɗanda aka sa suka biya kuɗin ƙungiya sau biyu shekarar da laftof ɗin sakatare ta mutu da sunayenmu duka a ciki. Rasit ɗina ya ɓata, nasu rikodin ya tafi, rantsuwa kuma ba ta yi aiki ba. Saboda haka ina son rumbun bayanai fiye da kowa. Hanyar da aka ɗauko ce ba ta yi ba.

Mu yi lissafi. A ce mu 3,000 ne, har da waɗanda suka gama. Suna, lambar rajista, sashe, lambar waya, tarihin biya: a ba kowa kilobait 2, ya ishe shi har da ragi. Jimla megabait 6 ke nan, bai kai bidiyon biki ɗaya da ake tura muku a WhatsApp ba. A ƙara hoton kowa mai kilobait 100, an samu megabait 300. To wannan ɗan kayan ne za a sayo wa tirela?

Sannan wuta. Sabar ba talabijin ba ce da za a kashe a je barci. In tana cin wat 200 kawai, a awa 24 ta cinye yunit 4.8, a wata kusan 144, ban da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Kowa ya san yadda Jalingo take a watan Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankokin injin. In aka ɗauke wuta ƙarfe 2 na dare, wa zai taso ya ja janareto? Wa zai sayi mai? Kuma rumbun bayanai ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu. In ba a yi sa'a ba faifan ya lalace. Ke nan sai an ƙara inbata da batura, sai kuma layin intanet mai tsayayyen adireshi, don ɗan MiFi ɗin shago ba zai iya wannan aikin ba. Duk waɗannan babu su a cikin miliyan 1.8 ɗin. Na tambaya, aka ce “za a duba”.

An kuma ce injin zai zo da Windows Server “an riga an sa”. Da lasisi ko na sata? Manhajar da ba a sabunta ta ƙofa ce a buɗe. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 100, har da asibitocin Ingila, kuma Windows ɗin da ba a yi wa gyara ba ta bi ta shiga. Alhali ga Linux, irin Ubuntu ko Debian, kyauta. Ga PostgreSQL da MariaDB, kyauta, kuma manyan kamfanonin duniya da su suke aiki.

Shawarata ita ce a kama hayar ƙaramar sabar a cibiyar ajiyar bayanai: RAM gigabait 2, faifan SSD, Linux, shi ke nan. Su ke da wuta, su ke da sanyi, su ke da mai gadi. In mun ƙaru a ƙara girma, in abin bai yi ba a daina biya, ba a bar mu da ƙarfe muna neman mai saye ba.

Na san abin da za a ce: dala. Gaskiya ne. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Shi ya sa nake cewa a nemi kamfanin da ke karɓar naira kuma injinansa na cikin Najeriya, a biya na shekara gaba ɗaya. Cibiyoyin suna nan: Rack Centre a Legas, Galaxy Backbone a Abuja. Kuma ku tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, har bankuna suka rikice. Ajiya a cikin gida tana da nata amfanin.

Za a kuma ce, ai haya ma tana iya cin mutum. Ƙwarai. A Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asara. A Janairun 2017 wani ma'aikacin GitLab ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, suka duba hanyoyin ajiyarsu suka tarar yawanci ba sa aiki, suka rasa bayanan kusan awa 6. In ƙwararru sun ga haka, ina ga shago a Barade? Darasin ɗaya ne: kwafi uku, a wurare daban-daban, kuma duk wata a gwada dawo da ɗaya a gani ko yana buɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi damuna: amana. A cikin rumbun nan akwai lambobin wayar 'yan uwanmu mata da hotunansu da unguwanninsu. Duk wanda ya iya taɓa injin da hannu, ya iya kwashe su a filas. Shago ne fa, kowa na shiga. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhaki kan duk mai tara bayanan mutane, ba ruwanta da cewa mu ɗalibai ne. Kuma zangon shugabanni shekara ɗaya ne. In mai kalmar sirri ya tafi bautar ƙasa, ko an yi rigimar zaɓe, a hannun wa bayananmu suke? A buɗe asusun da imel ɗin ƙungiya, mutum uku su riƙe mabuɗi, a rubuta miƙa shi cikin kundin tsarinmu.

Ban ce wani zai ci kuɗi ba, Allah Ya sani. Shugaba abokina ne, tare muke cin indomi. Amma son a ɗauki hoto gaban injin mai ƙyalli a ce “a zamaninmu aka yi” ba hujja ba ce. 'Yan ajin Kimiyyar Kwamfuta da ke cewa injin zai taimaka wajen koyo, ku ɗauko tsohuwar kwamfuta ku sa mata Linux ku lalata ku gyara, da bayanan ƙarya, ba da namu ba.

Ranar Asabar ku zo, mata da maza. Tambaya huɗu kawai za mu yi: nawa za a kashe a shekara har da mai da intanet? Ina kwafin yake? Wa ke riƙe da mabuɗi? In ta mutu, kwana nawa kafin ta dawo? In sun amsa a rubuce, wallahi ni zan fara ɗaga hannu. In babu amsa, kuɗin su zauna inda suke.

Allah Ya sa mu dace.