Kai Iyali Wuraren Wasa Na Dubai: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Shekaru da dama ke nan Dubai ta zama kamar Kano ko Kwatano a bakin ɗan kasuwar bakin iyaka. Daga Maraɗi, Ƙonni, Damagaram da Gaya, har zuwa Jibiya, Illela da Maigatari, da wuya ka shiga layin masu atamfa, turare, wayoyin hannu ko kayan gyaran mota ba ka tarar da wanda ya san lungunan Deira kamar yunwar cikinsa ba. To amma iyalin waɗannan bayin Allah ba su san Dubai ba sai ta bakin tsaraba. Yanzu kuwa da waya ta shiga hannun kowa, yara sun ga hotunan manyan wuraren wasa na can, sun fara tambayar Baba ranar da zai kai su. Wasu alhazan sun riga sun kai nasu, saura kuma suna ta lissafi a zuci.

Akwai masu cewa wannan almubazzaranci ne kawai da kwaikwayon Nasara. Ni dai ban yarda da su ba. Mutumin da ke kwana a hanya rabin shekara, yau Lome gobe Kano, wanda ƴaƴansa suka fi sanin muryarsa a waya da fuskarsa, in ya ware mako ɗaya ya zauna da iyalinsa ba ciniki ba lissafi, bai yi asara ba. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma yaron da ya hau jirgin sama, ya ga teku, ya ga yadda mutane ke bin layi ba turereniya, ya dawo da abin da ba a saye a kanti. Sai dai alherin tafiyar yana rataye ne da sharuɗɗa, wanda duk ya tsallake su zai dawo gida da nadama maimakon tsaraba.

Sharaɗi na farko, kuɗin tafiya su fito daga riba, kada a taɓa jari, kada kuma a ci bashi. Mu da muke cin abinci a bakin iyaka mun fi kowa sanin yadda kasuwa ke mutuwa cikin dare ɗaya. Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar an sake rufewa har zuwa Maris 2024. A watan Yunin 2023 kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, masu ajiya da ita suka ga dukiyarsu tana narkewa suna kallo. A duk waɗannan lokuta, wanda ya tsira shi ne mai ɗan abin da ya ajiye a gefe. Saboda haka wanda ake bin sa kuɗin kaya, ko bai fitar da zakka ba, ko kuɗin makarantar yara na jiran sa, ko yana da hali bai sauke faralin Hajji ba, to ba shi da maganar wurin wasa tukuna. Wanda ya wuce waɗannan, ya buɗe asusu na dabam ko ya shiga adashi, ya tara a hankali cikin shekara guda. Kada don maƙwabcin rumfa ya kai nasa kai ma ka ce sai ka kai. Ba ka san abin da ke cikin aljihunsa ba, ba ka kuma san bashin da ke wuyansa ba.

Na biyu, kada a haɗa sari da hutu. Wannan ita ce dabarar da ke fara zuwa wa ɗan kasuwa: tunda zan je sayen kaya, bari in tafi da su, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Abin da ke biyo baya sananne ne. Alhaji ya fita tun safe wajen dillalai da masu auna kaya, Hajiya da yara suna kulle a ɗakin otal a Deira suna kallon talabijin cikin harshen da ba su ji, sai ranar ƙarshe a ruga da su wurin wasa a gaje. In har dole ne a haɗa, to a raba kwanakin tun daga gida: kwana uku na kasuwa, kwana huɗu na iyali, kuma ranar iyali a kashe wayar ciniki. Kuɗin ma a raba su jaka biyu, domin in suna wuri ɗaya, ko dai kaya su cinye hutu ko hutu ya cinye kaya.

Na uku, a san inda za a je, domin wuraren ba a cikin kasuwa suke ba. Babban dandalin da ake kira Dubai Parks and Resorts yana Jabal Ali ne, kan hanyar Abu Dabi, sama da kilomita 50 daga Deira. An buɗe shi a 2016. A cikinsa akwai Legoland, wanda aka gina don yara ƴan shekara 2 zuwa 12, da wurin wasan ruwansa, da Motiongate mai wasannin da aka ɗauko daga finafinan Amurka. Masu son finafinan Indiya su sani cewa Bollywood Parks da suka sha jin labari an rufe shi tun Afrilun 2023, a 2024 kuma aka buɗe Real Madrid World a dandalin, abin da zai fi burge samari masu kallon ƙwallo. Akwai kuma IMG Worlds of Adventure, shi ma na 2016, wanda gaba ɗayansa a rufe yake cikin sanyin na'ura. A Abu Dabi, tafiyar sama da awa ɗaya daga Deira, tsibirin Yas yana da Ferrari World tun 2010, inda wani jirgin wasa mai bin dogo ke gudun kilomita 240 a awa, da Yas Waterworld na 2013, da Warner Bros. World na 2018, da SeaWorld na 2023 mai kifaye da dabbobin ruwa. A watan Mayun 2025 kamfanin Disney ya ba da sanarwar zai kafa nasa a wannan tsibiri, amma sanarwa dabam, buɗe ƙofa dabam. Mai son Disney na kusa da Paris kuwa ya tuna Air France ta dakatar da zuwa Yamai a Agustan 2023, Faransa kuma ta rufe ofishin jakadancinta a can a Janairun 2024, abin da ya sa neman bizarta ya zama wata doguwar tafiyar.

Amfanin sanin wannan shi ne zaɓe. Ba a gama wuri ɗaya a ƙasa da yini guda, kuma yaro ba ya jure yini uku a jere yana tafiya a ƙasa. Wuri biyu ko uku sun isa mako ɗaya, da ranar hutawa a tsakani. A kuma auna tsawon kowane yaro tun a gida. Manyan lilo ba shekaru suke dubawa ba, tsawo suke aunawa, akasari tsakanin santimita 120 zuwa 140, kuma mai gadin ƙofa ba ya karɓar roƙo ko na goro. Wanda ƴaƴansa duk ƙanana ne, Legoland ya fi masa. Wanda ya biya wa ɗan shekara huɗu kuɗin shiga wurin manyan lilo, ya sayi kuka ne da kuɗinsa.

Na huɗu, lokaci. Babban hutun makaranta a Nijar da Najeriya yana faɗowa ne tsakanin Yuli da Satumba, daidai lokacin da zafin Dubai ke wuce digiri 40, ga gumi mai naci irin na bakin teku. Kada wani ya ce ai mun saba da zafin Afrilu a Ƙonni. Namu busasshe ne, nasu kuwa jiƙaƙƙe. Mai tafiya a wannan lokaci ya nufi wuraren da ke rufe, irin IMG da Warner Bros. World, ribarsa ita ce otal ya fi araha. Daga Nuwamba zuwa Maris iska tana da daɗi, kuma a lokacin ne kasuwar baje koli ta Global Village ke ci, to amma hutun ƙarshen Disamba shi ne lokacin da tikiti da otal suka fi tsada, layi kuma ya fi tsawo. Ɗan kasuwa kuma ya duba nasa kalandar, kada ya bar rumfa a hannun yara a makonnin jajibirin Salla ko tsakiyar kaka, lokacin da ake samun cinikin shekara. Tsofaffin matafiya su lura da wani canji: tun Janairun 2022 hutun mako a Dubai da Abu Dabi ya koma Asabar da Lahadi, da rabin yini ranar Juma'a. Mai son layi gajere ya je Litinin zuwa Alhamis.

Na biyar, lissafi, wanda shi ne sana'armu. Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, wajen dirhami 3.67 kowace dala, sefa kuma a ɗaure take da yuro, wajen sefa 656. Ke nan farashin dirhami a hannunmu yana hawa da sauka ne tare da dala. Mu ɗauka misali dirhami yana sefa 160, kuɗin shiga wuri ɗaya kuma dirhami 300. Mutum shida, wato miji da mata da yara huɗu, sun tashi dirhami 1,800, daidai da jika 288 a yini guda, ba a ci ba a sha ba. Wuri uku ya haura jika 860. Tikitin da ya haɗa wuri biyu ko uku, wanda aka saya tun kafin ranar, ya kan fi na bakin ƙofa sauƙi. Ga kuɗin jirgi, inda jaririn da bai kai shekara 2 ba ne kaɗai ke biyan ɗan kaɗan, yaro ɗan shekara 12 kuwa kujerar babba yake biya. Ga otal, wanda ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar mutum shida, kuma ana ƙara harajin baƙi na dirhami 7 zuwa 20 kowane ɗaki kowane dare, ban da harajin kashi 5 cikin ɗari da aka sa kan kaya tun 2018. Ga tasi, wadda ƙaramarta mutum huɗu take ɗauka. Abinci da ruwa a cikin wurin wasa sun fi na gari tsada nesa ba kusa ba, kuma ƙofar fita daga kusan kowane lilo ta cikin kantin kayan wasa take bi. A yanka wa kowane yaro abin da zai kashe tun kafin a shiga. In an gama jimla, a ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai saboda abin da ba a zata ba.

Na shida, takardu. Kowane yaro, har na goye, sai da fasfonsa, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. A riƙe takardun haihuwa da katin rigakafin shawara. Kada a biya kuɗin jirgi da otal irin wanda ba a mayarwa sai biza ta fito, domin dokar biza tana canzawa ba sallama. Masu fasfon Najeriya ba su manta ba, an daina ba su bizar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa daga Oktoban 2022 har zuwa Yulin 2024. A watan Yunin 2025 ma, lokacin rikicin Iran da Isra'ila, an soke jirage da dama a yankin, don haka a saurari labarai kafin a sa rana. Daga Yamai sai an sauya jirgi a hanya, ko a Adis Ababa ko Istambul, kuma awa takwas na jira da yara huɗu ba irin jiran mutum ɗaya da jakarsa ba ne. Magunguna irin su tiramadol da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsanani a can, kada a ɗauke su ba takardar likita. Saƙon da ba ka ga cikinsa ba kuwa, ko na wane ne, kada ya shiga jakar matarka ko ta ɗanka.

Na bakwai shi ne wanda ba a son faɗa, alhali shi ya fi rusa gida: da wa za a tafi? Mai mata biyu ko uku da ya ɗauki amarya da ƴaƴanta ya bar uwargida tana ganin hotuna a wayar maƙwabta, ya kunna wutar da za ta daɗe ba ta mutu ba, kuma yaran da aka bari za su girma da abin a ransu. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. A zauna a yi magana a fili, a sa jeri, bana wannan ɗaki baɗi wancan, a kuma cika alkawari. Wanda ƙarfinsa ba zai kai zagaye na biyu ba, gara kada ya fara na farko. Haka nan a tambayi Hajiya abin da take so, domin ita za ta yi ta fama da goyo da wanka da kukan dare a baƙon wuri. In hutun ya zama nata aikin ya ninka, to hutun Alhaji ne shi kaɗai.

A cikin wurin wasan kansa akwai ɗakunan salla na maza da na mata, abincin ma akasarinsa halal ne. Wuraren wasan ruwa ne ke buƙatar tunani saboda shigar baƙi, sai dai Yas Waterworld ya saba ware lokuta na mata zalla, a tambayi ranakun. A rubuta lambar waya da sunan otal a sa a aljihun kowane yaro, a nuna masa masu kayan aiki da zai nufa in ya ɓace. A jirgin ƙasa na cikin Dubai akwai tarago na mata da yara kaɗai, namijin da ya bi iyalinsa ciki tara zai biya.

Wanda duk wannan lissafi ya fi ƙarfinsa a bana, kada ya ji kunya. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai yana da namun daji, Kano ma tana da gidan zu. Kwana biyu a can tare da Baba, da tsire da lemo, yaro zai riƙe su har tsufansa. Nan ne ma za ka gane wane yaro ke amai a mota, wane ne ke tsoron taro, kafin ka kai su inda kuskure ke cin miliyoyi. Daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya raya mana zuri'a, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya, amin.