Giwan Ruwa A Tafkin Biktoriya: Riba Ga Wa?

Har yanzu ba a daina gardama ba a kan giwan ruwan da aka zuba cikin Tafkin Biktoriya, wanda ƙasashen Tanzaniya da Uganda da Kenya suka kewaye. Masuntan Kogin Kwara da na Tafkin Chadi za su yi mamakin jin ana kiran wannan kifi annoba, domin a ruwayensu ya daɗe yana zaune da karfasa da tarwaɗa bai ƙarar da su ba. Amma fa a Biktoriya baƙo ne. A zamanin mulkin Turawa aka fara zuba shi, wajejen 1954, aka kuma ƙara a 1962 da 1963, ko da yake wani masanin kifi, Geoffrey Fryer, ya yi gargaɗi tun 1960.

Hujjar masu zubawar ita ce, wai ƙananan kifayen tafkin ƙaya ce zalla, ba su da daraja a kasuwa, gara a kawo babba ya cinye su ya zama tsoka. Haka kuwa aka yi. Cikin shekarun 1980 giwan ruwa ya mamaye tafkin, kuma daga cikin irin ƙananan kifayen nan kimanin 500, waɗanda ba a samun yawancinsu ko'ina a duniya sai can, wajen 200 suka ɓace.

Masu goyon baya suna nuna masana'antun da aka kafa a Mwanza da Kisumu, da ayyukan yi, da kuɗin da tsokar ke jawowa daga Turai. Suna kuma cewa ƙazantar birane da takin gonaki su ma sun ɓata ruwan. Lalle wannan gaskiya ne, sai dai lissafin bai cika ba. Ƙananan kifayen da suka ɓace, waɗansunsu su ne ke cin gansakuka da dattin ƙarƙashin ruwa. Su ne kuma cefanen talaka, a shanya a rana a kai kasuwa. Giwan ruwa mai kitse ne, ba ya shanyuwa, sai an yi bandarsa, watau sai an sare itatuwan gaɓa. Kamunsa ma sai mai babban kwalekwale da taru mai ƙwari, wanda ƙaramin masunci ba shi da halin saye. Da masana'antun suka bunƙasa cikin shekarun 1990, matan da a da ke sayen kifi a bakin ruwa suka koma layi a ƙofarsu, suna sayen kai da ƙashin da aka yanke tsokar aka bari, su soya su sayar wa maƙwabta.