Mai Karɓar Jangali Ya San Mu, Akwatin Ƙuri'a Bai San Mu Ba

Ya ku 'yan'uwa makiyaya da manoma na ƙauyukanmu, tun daga Jazira har Sinnar da Nilul Azraƙ. Mun san wasu za su ce mene ne na maganar ƙuri'a alhali mutane na neman inda za su sa haƙarƙarinsu tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. To, ai tun ran gini ran zane. Duk ranar da ƙura ta lafa za a zauna a rubuta sabuwar dokar zaɓe, in kuwa muka yi shiru, sai dai mu ji a rediyo cewa an gama ba da mu ba.

Mu dai abin da ya fi damunmu shi ne majalisar mahaliyya, wato ƙaramar hukuma. Shugaban ƙasa yana nesa da mu. Mahaliyya ce ke da ta cewa a kan burtali, da hafirin da dabbobi ke sha, da kuɗin kara, da tarar da ake yanka wa makiyayi in saniya ta faɗa gona. Amma zaɓen Afrilun 2010 ya haɗa da na shugaban ƙasa da gwamnoni da majalisun ƙasa da na jihohi, ban da na mahaliyya. A zamanin Bashir naɗa mu'utamad ake yi daga sama. Wanda ba kai ka zaɓe shi ba, yaushe zai ji kukanka in mai tarakta ya nome hanyar shanu?

Mu dubi dokar zaɓe ta 2008, domin da ita za a yi awo. Ta ce kafin a rubuta sunanka sai ka yi wata 3 zaune a mazaɓar. Wata 3! Wanda ya rubuta wannan bai taɓa bin shanu ba. An yi rajista ne a Nuwamba da Disamba na 2009, daidai lokacin da ruwa ya ɗauke, garke ya kama hanyar kudu neman ciyawa. Sunanka yana nan, ƙafarka tana can, ran zaɓe kuma a tsakiyar bazara kana bakin ruwa, tafiyar kwanaki daga akwatin.

Sa'an nan ta ce ka kawo takardar shaida, in babu, ka kawo shaidar lajanar unguwa ko ta sarakunan gargajiya. A takarda wannan sauƙi ne aka yi mana. Amma wane sarki ne zai shaide mu? Da Hausawan Nilul Azraƙ suka nemi a ba su sarautarsu a cikin tsarin gargajiya a 2022, hana su aka yi, aka ce ba su da ƙasa. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: sama da mutum 100 suka mutu a watan Yuli a Rusairis da kewayenta, a watan Oktoba kuma sama da 200 a Wad al-Mahi. Ke nan an ce ka kawo shaidar sarki, an kuma hana ka sarkin. Sai ka je ka durƙusa gaban umdan da jiya kuka yi rigima da shi a kan mashaya, ka roƙe shi ya sa hannu cewa kai ɗan ƙasa ne.

Wannan cuta tsohuwa ce. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai in kakanninka na wajen uba suna Sudan tun 31 ga Disamba, 1897. Ku lura da shekarar. Mutanen Sarkin Musulmi Attahiru sun taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, ɗansa Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogi kusa da Sinnar. Da alƙalami ɗaya aka bar gari guda a waje. Daga baya aka sassauta zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta kawo shi 1 ga Janairu, 1956. Doka ta gyaru, amma zuciyar mai riƙe da hatimi ba ta gyaru ba. Da aka fito da raƙam watani bayan dokar rajista ta 2011, wani da shaidu biyu yake gamawa, namu kuwa da an ji Hausa ko Fallata sai a ce a dawo da dangin uba, a dawo da takardar kaka, sai an yi bincike. Kakan da aka haifa a ruga, wa ya rubuta masa takarda?

Alhali tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 hannun iyayenmu ke cirar audugar Jazira. Har yau jikokinsu da yawa a kambo suke, a gefen gona, babu filin da ke da sunansu. Da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025, mutanen kambo na cikin waɗanda aka far wa. Gidaje nawa aka ƙone, jakunkunan takardu nawa aka bari a guje? In gobe aka ce raƙam watani kaɗai za a karɓa a rumfar zaɓe, to an zare dubban mutane ba tare da an ambaci sunan ƙabilarsu ba.

Masu cewa in aka sassauta baƙi za su cika akwati, muna tambayarsu: mai karɓar jangali ya taɓa tambayarmu jinsiyya? Yana zuwa har ruga ya ƙirga shanu ɗaya bayan ɗaya, ya yanki rasiti da sunanmu da na ubanmu. Hukumar da ta iya gano mu a daji don ta karɓi kuɗi ta iya gano mu don ta rubuta mu. A karɓi rasitin jangali na shekaru a matsayin shaida. A karɓi shaidar limami da shehun ƙauyenmu da ardon ruga, ba sai umdan da ba ya ga maciji da mu ba. Masu rajista su bi garke kamar yadda masu allurar shanu ke bi, a kuma bar makiyayi ya zaɓi mahaliyyar da yake damina a cikinta ta zama mazaɓarsa.

Mu ma da aikinmu. Kowane reshe ya buɗe littafi, a rubuta kowane gida, wa ke da raƙam watani, wa ya rasa, wa takardarsa ta ƙone kuma a ina. Kada a manta da mata, domin su ne suka fi rashin takarda, kuma su ne ake fara mayarwa gida daga layi. Wanda ke da rasitin jangali, ko na shekara 20 ne, ya naɗe shi a leda ya ɓoye. Sakatarorin rassa su kawo littattafan a taro mai zuwa.