Kuloci Ba Ya Jiran Albashi

Sau da yawa mukan ga malami ko akawu ya taso daga Babban Dodo zuwa Ƙofar Doka, inji yana ruri, mota kuwa ba ta ƙara sauri, ga ƙauri. To, jama'a, farantin kuloci ne ya cinye, yana sulɓewa. Galibi laifin mai barin ƙafa bisa kuloci ne cikin cunkoson birni.

Masu cewa a bari sai ƙarshen wata, a ganinmu sun yi kuskure. In aka yi jinkiri, ƙusoshin farantin su karce ƙarfen da ke matse shi, abin saye ya zama biyu. Ladan makaniki kuma ba kaɗan ba ne, don sai ya sauke giya ɗungum. Tun da ta sauko, a sake boris ma, kada a biya lada sau biyu.