Kafin mu sayar wa 'yan gwangwan rediyon kakanninmu

A Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da ba su da abin so kamar sauti mai daɗi. Mutum zai yi shekaru yana tara kuɗi don ya sayi wata 'yar na'ura da aka ƙera tun kafin Najeriya ta samu 'yancin kai, ya kai ta falo ya girke kamar amarya. Na'urar nan ba ta kama tasha, ba ta san intanet ba, ko lasifika ba ta iya motsawa ita kaɗai. Aikinta ta karɓi ɗan siririn sautin da ke fitowa daga faifai, ta ɗaga shi, ta miƙa wa babbar amfilifaya. Sunanta amfilifayar farko, kuma wadda ake rububi a kanta ita ce mai bawul, wato 'yan kwalaben nan da ke yin ja kamar garwashi idan an kunna.

A nan cikin birnin Zariya kuwa, dangin waɗannan na'urori suna jibge a ɗakunan shirgi. Tsofaffin akwatunan rediyo da rediyogiram na Grundig da Philips da Pye, waɗanda a da sai gidan wane da wane, yau kaji ke ƙwai a kansu. Ana nan sai ɗan gwangwan ya ratso lungu da kurarsa, ya fasa katakon, ya zare tagullar, ya ɗora a sikeli, ya biya kuɗin da ba zai sayi mudun masara ba. A ganina wannan asara ce, kuma ta wuce asarar kuɗi.

Sanƙirar faifai

Duk wanda ya taɓa zuwa wajen biki ya san aikin sanƙira. Mai kyauta zai raɗa masa magana a kunne, shi kuma ya kwarara ta kowa ya ji. Idan sanƙira ya ji ba daidai ba, to duk taron ya ji ba daidai ba. Haka amfilifayar farko take.

Allurar faifai irin mai maganaɗisu tana fitar da wutar da ba ta wuce kashi biyar cikin dubu na bolt ɗaya ba, alhali batirin tocila guda yana da bolt ɗaya da rabi. Sai an ninka wannan 'yar wuta wajen sau ɗari kafin babbar amfilifaya ta iya aiki da ita. Duk wata ƙara ko gurnani da ya shiga a wannan mataki, tare da waƙar za a ninka shi.

Akwai aiki na biyu. Lokacin yanka faifai, kamfani kan rage kaurin sauti ya ƙara kaifinsa, don layukan su yi siriri waƙa mai tsawo ta samu wuri. Amfilifayar farko ce ke mayar da kowanne mazauninsa. A shekarar 1954 kamfanonin Amurka suka amince da ma'auni guda na yin haka, mai suna RIAA. Kafin nan kowane kamfani da nasa ma'aunin. Shi ya sa masu kunnen sauti ke cewa daɗin waƙa ko rashinsa daga wannan 'yar na'ura yake farawa.

Yadda bawul ya zo, yadda ya tafi

John Ambrose Fleming na Ingila ne ya ƙirƙiro bawul a 1904. Bayan shekara biyu Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa wata 'yar waya a tsakiya, wadda ta ba shi ikon ɗaga sauti. Daga nan har wajen shekara hamsin, rediyo da silima da wayar tarho mai nisa duk a kansa suka dogara.

Da shi muryar rediyo ta shigo Zazzau. A shekarun 1940 Zariya na cikin garuruwan da aka ja wa rediyon waya, inda ake kama shiri a tasha guda a rarraba shi ta waya zuwa akwatuna a gidaje da dandali. Kano ta samu nata a 1944. Sannu a hankali sarakai da attajirai da manyan ma'aikatan En'e suka mallaki akwatunan kansu, masu katako mai sheƙi, waɗanda sai an kunna an ɗan jira sun yi ɗumi kafin su yi magana. Lokacin da Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, zaure mai irin wannan akwati ya zama majalisar unguwa.

Amma tun 1947 aka ƙirƙiro tiransisto a ɗakin binciken Bell da ke Amurka. Ƙarami ne, ba ya zafi, ba ya cin wuta, ga araha. A faɗi gaskiya, shi ya kai rediyo hannun talaka, ya kai ta gona da ruga da bakin kasuwa. Kafin shekarun 1970 su ƙare bawul ya zama tsohon yayi.

Abin mamaki, na'urorin da aka ƙera dab da faɗuwar bawul su ne yau ake nema ruwa a jallo. Marantz 7, wadda ta fito a 1958 da bawul shida samfurin 12AX7, da McIntosh C22 ta 1963, ana sayar da masu lafiyarsu dubban daloli. Neman ya kai har kamfanonin biyu sun sake ƙera su bayan shekaru da dainawa. A Japan akwai gidajen shayi da ake zuwa musamman don a zauna shiru a saurari faifai, da yawansu ta irin waɗannan na'urori. Faifan ma ya dawo: a 2022 yawan faifan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987.

Me suke ji da ba mu ji?

Masoya bawul kan ce sautinsa yana da ɗumi da taushi. Maganar tana da tushe. Babu na'urar da ke ɗaga sauti ba tare da ta ɗan ƙara masa wani abu nata ba. Abin da bawul ya fi ƙarawa shi ne wani amo da ke ninka na asali sau biyu, kamar dattijo ya ja baiti yaro ya bi shi da siririyar murya a kan kari ɗaya. Kunne ba ya ɗaukar wannan a matsayin aibu, cika yake ji. Sannan idan sauti ya fi ƙarfin bawul, a hankali yake lanƙwasa shi, ba ya datse shi farat ɗaya kamar yadda tiransistocin farko suka riƙa yi.

To amma kada a ruɗe mu. Idan aka ɗora su a na'urar awo, amfilifayar zamani mai kyau ta fi ta bawul tsabta da rashin gurnani, kuma kuɗinta bai kai ko kusa ba. Ɗumin nan da ake yabo ƙari ne, kamar daddawa a miya: tana ƙara daɗi, amma ba ita ce kukar ba. Cikin masu sayen ma akwai waɗanda sunan kamfani da jan hasken kwalba suke saye, kunnensu bai bambance komai ba.

Dalilin da ya fi gamsar da ni daban ne. An ƙera waɗannan na'urori ne don a riƙa gyara su. Bawul a soket yake zaune, idan ya mutu a zare a sa wani, kamar ƙwan lantarki. Kowace waya ana ganinta da ido, kowane kondansa ana iya cire shi da ƙarfen dalma. Sau da yawa taswirar haɗin tana manne a jikin akwatin ko cikin littafinsa. Shi ya sa na'ura mai shekara sittin take aiki har yau, alhali 'yar sifikar Bluetooth da aka saya a Sabon Gari da ƙaramar Sallah, in ta kai babbar Sallah an gode. In ta mutu kuma babu mai buɗe ta, sai bola.

Bazazzagi bai kamata a yi masa dogon bayani a kan wannan ba. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa tun ƙarni na 19 ya kai zamaninmu ne saboda an samu masu kula da shi. Kayan da aka yi don a gyara yakan rayu muddin akwai mai gyaran.

Abin da za mu rasa

Nan ne gizo ke saƙar. Dattawan da suka koyi gyaran rediyo a zamanin bawul suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Yaran da ke zaune a rumfunan gyara daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada sun ƙware a waya, amma akasarin aikin cire allo ne a sa sabo. Ranar da na ƙarshen dattawan nan ya kwanta dama, ilimin ya bi shi.

Kuma akwatin ba shi kaɗai yake tafiya bola ba. Inda duk aka samu rediyogiram, a gefensa akwai tarin faifai da kaset: Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos, Barmani Choge, Hassan Wayam da ya yi zamansa a nan Zariya, da masu rera Imfirajin Aliyu Namangi. Wasu an juye su suna yawo a wayoyi, amma juyi ne a kan juyi, an matse su don su yi sauƙin turawa, har kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani. Matashin da a haka ya fara jin Shata bai san yadda muryar take ba. Wasu kaset ɗin kuwa, na bikin gida ko hawan Sallah ko karatun wani malamin unguwa, babu kwafinsu ko'ina a duniya. Idan na'urar ta tafi, faifan ya zama murfin tulu, kaset ya zama abin wasan yara.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci da wutar da ba ta zama, wa ke ta tsohuwar rediyo? Gaskiya ne, bawul yana cin wuta, yana zafi, kuma wutar da ke hawa da sauka tana iya ƙona taransifomarsa. Ba na cewa kowa ya je ya saya. Cewa nake wanda yake da ita ya san abin da ke hannunsa. Ko ta fuskar kuɗin ma, sayarwa a kan kilo faɗuwa ce. Masana'antun da suka rage suna yin bawul 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin da Amurka. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 sai da bawul ya yi wuya, farashinsa ya tashi. Tsofaffin na Mullard da Telefunken, musamman masu lamba ECC83 da EL84 da ake samu a rediyogiram ɗin Turai, suna da masu nema in suna da rai. Ba kowane akwati ne zinariya ba, kuma da wuya a tsinci Marantz 7 a Kwarbai ko Babban Dodo. Duk da haka kwalba ɗaya mai lafiya tana iya fin tagullar akwatin gaba ɗaya daraja.

Abin yi

Na farko, wanda ya samu irin wannan akwati a gida kada ya yi garajen jona shi da wuta don ya ga ko yana aiki. Kondansa yakan bushe idan ya daɗe a ajiye, kuma kunnawar farko tana iya kashe abin da shekara arba'in ba ta kashe ba. Kada kuma yaro ya sa hannu a ciki, don akwai wutar da ta kai bolt 250 ko fiye, wadda kan saura ko bayan an cire soket. A nemi tsohon mai gyara ya duba.

Na biyu, a jera faifai a tsaye, a inuwa, nesa da zafin kwano da danshin damina. Masu gudun 78 kamar tangaran suke, da sun faɗi sun fashe. Kada a ɗora faifai mai gudun 33 ko 45 a garmahon wani mai allurar ƙarfe, zai cinye layukan. Wajen juyewa zuwa kwamfuta a yi amfani da na'urar zamani mai tsabta, a ajiye kwafin da ba a matse ba. Daddawar bawul a bar ta sai wajen sauraro.

Na uku, Zariya ba ta rasa inda za a yi wannan aiki ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da sashenta na injiniyan lantarki, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Me zai hana a gayyato dattawan masu gyara su zauna da ɗalibai, ko sau ɗaya a mako, a tashi akwati goma ko ashirin? Ɗalibin da ya bi sauti da idonsa daga allura zuwa bawul zuwa lasifika ya fahimci darasin fiye da wanda ya haddace shi a allo. Masarautar Zazzau kuma tana iya ware ɗaki guda a cikin birni inda iyalai za su kawo akwatunansu da faifansu amana, a rubuta sunan gidan da kowanne ya fito, a juye, a kuma buɗe wa jama'a su zo su saurara.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Mutanen Tokyo da Landan suna biyan dubban daloli don su samu abin da kakanninmu suka bar mana kyauta. Idan ɗan gwangwan ya yi sallama gobe, a ba shi tsohon bokiti da ƙafar keke. Akwatin da faifan a mayar da su ɗaki, a tambayi dattawan unguwa wane mai gyara ne ya rage, a je a same shi tun yana iya riƙe ƙarfen dalma.