Panda a zanin gado, gwanki a bayan gari

Kafin ki ci gaba da karatu, ɗaga kai ki dubi zanin gadon yaronki, ko jakarsa ta makaranta. Wace dabba ce a jiki? Na san ko dai panda ce, ko beyar, ko tsuntsun nan na ƙasar ƙanƙara mai tafiya a tsaye. A ɗakin yara na asibiti ma su muke gani a tawul da rigunan barci. Rannan na tambayi wata yarinya 'yar shekara shida sunan dabbar da ke kan filonta, nan take ta ce panda. Da na ce mata ko ta san gwanki, sai ta kalli uwarta.

Abin ya tsaya min a rai. A ƙasar Birnin Gwari dajin Kamuku yake. An keɓe shi tun 1936, aka mayar da shi gandun dajin ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. An san shi da giwa da gwanki da gada da bika da burtu. Amma shekarun da 'yan bindiga suka yi suna cin karensu babu babbaka sun sa yaran da aka haifa a gefen dajin ba su san shi da komai ba sai tsoro. Ko da aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar kara a Nuwamban 2024, babu uwar da za ta saki ɗanta ya je kallon dabbobi. To idan yaro ba zai je wurin gwanki ba, mu kawo masa gwanki ɗaki.

Adon da kike gani a yadi ba zane ɗaya ba ne mai tsawon yadi shida. Ɗan murabba'i ne guda ake maimaitawa, kamar yadda ake jera tayil a ƙasa. Sirrin shi ne gefen dama ya haɗu da na hagu, sama ta haɗu da ƙasa, ta yadda ido ba zai gane inda aka yi haɗi ba. Masu ƙera surori a kwamfuta haka suke yi. A manhaja irin Blender, wadda kyauta ce, ko CLO 3D ta masu ɗinki, sai a ɗauki ɗan hoton a lulluɓe surar riga ko filo da shi, a juya ta gaba da baya, a ƙara wa dabbobin girma ko a rage, tun ba a sayi ƙyalle ba. Idan gefunan ba su dace ba, layi zai fito ɓaro-ɓaro, ki ga giwa rabi babu hanci.

Ba sai kina da kwamfuta ba. Da takarda da almakashi da salatif za ki fara:

Na ɗaya, yanke takarda ta zama murabba'i. Yaro ya zana dabbobinsa a tsakiya, kada zanen ya taɓa gefe.

Na biyu, raba takardar biyu daga sama zuwa ƙasa. Mayar da ɓarin dama hagu, na hagu dama, ki manne ta baya.

Na uku, sake raba ta a kwance. Na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya koma sama, ki manne.

Yanzu guntayen dabbobin sun koma kusurwa huɗu, tsakiya ta zama fili. Ya cike filin da wasu zanuka, nan ma ban da taɓa gefe. Ki ɗauki hotonsa daidai ta sama, a wuri mai haske, ki jera kwafi huɗu ko tara a Canva ko ibis Paint X a wayarki. Rabin gwankin da ke dama zai tarar da ɗaya rabin a hagu. Ki kalli fuskar yaron a lokacin.

In kina son ya zama yadi, masu buga hoto a riguna da kofunan biki a Kaduna da Kano za su iya. Sai dai bugun da aka fi yi da zafin inji a kan yadin roba yake kamawa, shi kuwa yana riƙe zufa. Ƙurajen zafi da muke gani a wuyan jarirai da bazara sun ishe mu. Ki yi labule da shi, ko jaka, ko rigar filon kujera, jikin jariri kuma ki bar masa auduga. Sannan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya, na biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Saboda haka takarda tasu, waya taki.

Na san akwai gidajen da ba sa ajiye hoton abu mai rai. Hanyar ɗaya ce: a zana sawun giwa, ko ganyen ɗorawa, ko 'ya'yan kaɗanya, ko kuka da rassanta. Duk na dajinmu ne.

Yayin da yake zane, ki kira kakarsa ta faɗa masa yadda burtu ke tafiya, da yadda maharba kan ɗaura kansa a goshi su yaudari namun daji. Ita ta gani da idonta. Wadda ta gwada ta faɗa mana dabbar da ɗanta ya zaɓa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a.